Sharhi: Yadda na bi sawun wani sojan doki na Ostireliya a ma'ajiyar takardun ƙasarsu ta intanet

Na shafe kusan mako uku ina amfani da RecordSearch, wato manhajar bincike ta ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar Ostireliya, kuma abin da ya kai ni can shi ne darasin da nake shirya wa ɗalibaina a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya a Gabas ta Tsakiya. Littattafan da muke da su janar-janar kawai suka sani, ni kuwa mutum ɗaya nake nema daga cikin ƙananan sojoji, wanda zan iya bi tun daga ranar da ya sa hannu har zuwa kabarinsa. Ma'ajiyar ta ɗauki hoton fayil ɗin sojojin wancan yaƙi, kimanin 376,000, ta ɗora su kyauta, ba a biyan ko sisi kuma ba sai mutum ya yi rajista ba kafin ya karanta.

Wanda na zaɓa shi ne Albert Cotter, da aka fi sani da Tibby, mai lambar soja 924. An haife shi a Sidni a watan Disamba na 1883, kuma kafin yaƙi sunansa ya riga ya zagaye ƙasar, domin yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙarfin jifa a wasan kurket na zamaninsa. Ya yi wa Ostireliya manyan wasanni 21 tsakanin 1904 da 1912, inda ya fitar da 'yan wasa 89. Ya shiga soja a watan Afrilu na 1915 yana da shekara 31, aka sa shi a runduna ta 1 ta sojan doki, ya riski ƙarshen faɗan Galifoli a Turkiyya, sannan aka mayar da shi runduna ta 12. Da na rubuta sunan Cotter da lambarsa, nan take fayil ɗin ya bayyana, kuma shawarata ga duk mai son gwadawa ita ce ya fara samo lambar, saboda suna shi kaɗai yakan jawo mutane da yawa masu suna iri ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne takardar shiga aiki da ke farkon irin waɗannan fayiloli. A cikinta ake rubuta shekarun mutum, da sana'arsa, da magajinsa, da tsawonsa, da nauyinsa, da launin idonsa, da addininsa, har da tabon da ke jikinsa, sannan ga sa hannunsa da alƙalaminsa a ƙasa. Bayanta akwai takardar da akawun runduna ke cikewa layi bayan layi, wadda ke nuna ranar da aka sauya wa soja runduna, ko aka kwantar da shi a asibiti, ko aka ƙara masa girma. Cotter ya taɓa samun muƙamin las kofur, amma da kansa ya roƙi a mayar da shi matsayinsa na da, kuma irin wannan ɗan ƙaramin al'amari ne ya sa ɗalibaina suka daina kallonsa a matsayin lamba.

Sai dai dole in faɗi gaskiya cewa takardun ba su da sauƙin karatu. Rubutun hannu ne na akawuna masu gaggawa, cike da gajerun kalmomin soja, kuma na yi kwana biyu kafin na gane cewa TOS na nufin an shigar da mutum cikin lissafin wata runduna. Tun da kowane shafi hoto ne, yana cin data sosai, kuma a ranakun da layin wayata ya yi rauni sai da na haƙura na jira dare. A kwamfuta ya fi daɗin dubawa, domin a waya sai mutum ya yi ta faɗaɗa shafi yana rage shi.

Babban abin da mai amfani ya kamata ya sani shi ne fayil ɗin soja yana ba da kwanan wata ne, ba ya ba da labari. Domin in fahimci ranar da Cotter ya mutu, sai da na koma shafin gidan tunawa da yaƙi na Kanbera, babban birnin Ostireliya, inda aka ɗora kundin da kowace runduna ke rubuta ayyukanta na yau da kullum. A nan ne hoton ya cika. Waɗannan sojoji ba barade ba ne irin waɗanda muka sani masu takobi da mashi. Doki abin hawa ne kawai a gare su, idan sun isa fagen fama sai su sauka su yi faɗa da bindiga, mutum ɗaya cikin kowane huɗu ya riƙe linzamin dawakin. A Galifoli ma babu dawakin, a Masar aka bar su. Saboda haka abin da ya faru a Biyasheba, wani gari a kudancin Falasɗinu ta wancan lokaci, ranar 31 ga Oktoba, 1917, ya saɓa wa al'adarsu. Rana ta kusa faɗuwa, garin yana hannun sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, dawaki kuma sun daɗe ba su sha ruwa ba, alhali rijiyoyin suna cikin garin. Janar Harry Chauvel ya ba da umarni, Birgediya William Grant ya jagoranci runduna ta 4 da ta 12, mahaya kimanin 800, suka yi sukuwa a fili tsirara da banati, wato wuƙar bakin bindiga, a hannu a maimakon takobi, suka tsallake ramukan Turkawa, suka kama garin kafin a lalata yawancin rijiyoyin. An kashe musu mutum 31, an raunata 36.

Cotter yana cikin waɗannan 31. Aikinsa a ranar shi ne ɗaukar waɗanda suka ji rauni, aikin da aka riga aka yaba masa a kansa tun a faɗan Gaza na biyu a watan Afrilu na shekarar, kuma harbinsa aka yi yana da shekara 33. Makonni kaɗan kafin haka an kashe ɗan'uwansa John a Beljiyam, wato iyali ɗaya sun yi rashi biyu a cikin wata guda. Shi kaɗai ne ɗan wasan kurket na babbar tawagar Ostireliya da ya mutu a wancan yaƙi, kuma a 2015 aka buɗe wata gadar masu tafiya a ƙasa da sunansa kusa da filin kurket na Sidni. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta Biyasheba, kuma na same shi cikin minti kaɗan a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila.

A matsayina na mai son doki, na tsaya a kan makomar dabbobin fiye da yadda darasin ke buƙata. Ostireliya ta tura dawaki kimanin 136,000 zuwa yaƙin, irin waɗanda ake kira Waler, amma guda ɗaya tak ya koma gida, wani mai suna Sandy na Manjo Janar Bridges. Tsadar jigila da dokar hana shigo da cututtukan dabbobi ne suka hana, sai aka miƙa wasu ga wasu rundunoni, aka sayar da wasu, tsofaffi da marasa lafiya kuma aka harbe su.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai yayin da nake juya waɗannan shafuka. A daidai wannan lokaci Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suna yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a ƙarƙashin tutar Ingila ɗaya da Cotter, kuma a 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta amince cewa aƙalla mutum 116,000, mafi yawansu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, ko ma ba a tuna da su ba sam. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ya tambaye ni ko zai iya neman kakan kakansa ta wannan hanya, sai na nuna masa cewa fayilolin na waɗanda suka yi aiki a rundunar Ostireliya ne kaɗai.

Ga malami ko ɗalibin tarihi mai iya karanta Turanci, ina ganin wannan manhaja ta cancanci lokacin da za a ba ta, muddin an haɗa ta da kundin runduna, an kuma tanadi data da haƙurin karanta tsohon rubutu. A zango mai zuwa na yi niyyar raba wa kowane rukuni na ɗalibai lambar soja ɗaya daga runduna ta 12, su kawo mini abin da suka samo.