Manhajar waya ko makirufon awo: wanne zai gano matsalar sautin falonka?

Mutum zai sayo sifika a kasuwar Alaba, ta yi masa daɗi a shago, da ya kai ta gida Agege sai ta koma gurnani. Galibi laifin ɗakin ne, tayil a ƙasa, bangon siminti, ba labule. Hanyoyin ganowa biyu ne.

Ta farko, manhajar awon sauti ta waya, ba ta cin ko kwabo, kuma za ta nuna maka idan sifika ɗaya ta fi ɗaya ƙara. Iyakarta ke nan. Makirufon waya don muryar mutum aka ƙera shi, bai cika kama sauti mai kauri daidai ba, alhali a nan matsalar take.

Hanya ta biyu ita ce kwamfuta da manhajar REW mai auna sautin ɗaki, ita ma kyauta, sai makirufon awo irin UMIK-1, wanda shi kam sai an saya. Za ka kafa shi daidai inda kake zama, sifika ta saki sauti daga 20 Hz zuwa 20,000 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne: ƙaramin lamba sauti mai kauri, babban lamba siriri), zanen ƙarfin kowane sauti ya fito. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka falo mai tsawon mita 4 yakan kumbura sautin wajen 43 Hz (343 a raba da 8, wato zuwa da dawowa tsakanin bango biyu). Idan ka ga tudu a nan a jikin zanen, kafet ba zai magance shi ba, sai ka janye kujera da sifikar daga bango ka sake awo. Ni hanya ta biyun nake zaɓa, ko da aron makirufon za a yi. Amma fa a kashe fanka, a kuma jira janaretan maƙwabci ya yi shiru.