IVOD: Taskar Bidiyon Majalisar Dokokin Taiwan a Ma'auni

Duk mai son bin diddigin ɗan siyasar Taiwan daga kujerar majalisa zuwa ta minista, IVOD ya kamata ya fara buɗewa. Shafin bidiyo ne na intanet na majalisar dokokin ƙasar mai kujeru 113, yana watsa zaman zauren majalisa da na kwamitoci kai tsaye tun 2009, sannan ya adana su. Kyauta ne.

Hanyoyin kallo biyu ne: ko zaman gaba ɗaya, wanda kan ci awoyi, ko gutsuren jawabin ɗan majalisa guda. Na biyun ne ƙarfinsa. Ka zaɓi zangon majalisa da sunan mutum, sai jawabansa su jeru da kwanakinsu. Akwai zaɓin ƙaramin hoto ga mai tattalin data, kuma ya wadatar, tunda magana ake nema.

Ɗauki Cheng Li-chiun misali. Ta zauna a majalisa ta 8, daga 2012 zuwa 2016, aka sake zaɓarta, sai ta ajiye kujerar a 2016 ta zama ministar al'adu har 2020, domin tsarin mulkin Taiwan bai yarda a haɗa muƙaman biyu ba. A nan masu bincike ke tuntuɓe: da sunan ɗan majalisar da ya yi tambaya ake yanka gutsuren, ba na ministan da ya amsa ba. Saboda haka shekarunta na minista ba za su fito ƙarƙashin sunanta ba. Sai ka shiga zaman Kwamitin Ilimi da Al'adu, ɗaya daga cikin kwamitocin dindindin 8, ka nemi ranar da ma'aikatarta ta bayyana.

Babban cikas shi ne harshe. Rubutun duk na Sinanci ne, kuma rubuta suna da boko ɓata lokaci ne. Kwafo shi yadda suke rubutawa, 鄭麗君, ka liƙa. Wasu 'yan majalisa kan juya daga Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, zuwa harshen gida na Taiwan ana tsakiyar cacar baki, manhajar fassara kuwa nan take rikicewa. Idan za ka gwada bidiyon da rubutaccen rahoton majalisa, lura da shekara: tasu ta hukuma daga 1912 take ƙirgawa, sai ka ƙara 1911. Shekara ta 105 ita ce 2016.

Ga ɗan jarida ko ɗalibin siyasa mai abokin da ke jin Sinanci, kayan aiki ne na gaske. Wanda ba shi da mai fassara, hayaniya kawai zai kalla.