Shagon irin kayan lambu na sanyi a Sabon Garin Zariya

Jama'a masu tambaya ina ake samun iri mai kyau na shukar sanyi, akwai wani shago a Sabon Garin Zariya da gaskiya na yaba musu. Irinsu a fakiti yake a rufe da kwanan wata a jiki, ba irin na awo a leda da ba ka san shekararsa nawa ba.

Na ɗauki latas Great Lakes da karas Nantes da kabeji Copenhagen Market sai lansir. Latas ɗin wallahi ya fito kusan duka, ganyen da kauri yana ƙaras ƙaras a baki, amma fa Alhajin shagon ya ja min kunne cewa in shuka tun Nuwamba kar in kai ƙarshen Fabrairu, don zafi na shigowa zai yi tsiri ya fidda fure ya koma ɗaci, kuma haka ne. Karas shi ba a dasa shi, inda ka yafa nan zai zauna, yakan ɗau kamar sati biyu kafin ya tsiro to kar ka ce irin ya mutu, in ya fito ka rage shi ya samu fili. Lansir kuwa sati uku ka fara yanka ana kwaɗo da ƙuli.

Kabejin ne dai sai da haƙuri, tsutsa na sonsa sosai, kullum da safe sai ka ɗaga ganye ka duba ƙasansa.

Inda suka gaza, kuɗinsu ya ɗan ɗara na cikin kasuwa kuma ba su cika ajiye ƙananan fakiti ba, mai ɗan fili a bayan gida sai dai ya haɗa kuɗi da maƙwabta su raba.