Na gwada sabon agogo a tsohuwar Marsandi

Motar Marsandi 200 ce ƙirar 1970, irin da ake kira W115, wadda aka yi daga 1968 zuwa 1976. Agogonta na asali na kamfanin VDO ne, ɗan ƙarami a tsakanin manyan mitoci biyu na gaban direba. Da ya tsaya, sai na sayi sabo mai aiki da kwatz, wato irin agogon lantarki na zamani, daga wani ɗan kasuwa, mai rewaya ya ɗaura min.

Gaskiya ta fuskar lokaci ba ni da ta cewa. Ba ya gudu, ba ya latti, kuma ko motar ta daɗe a ajiye ba ya cin batir. Wanda lokaci kawai yake so ya duba, ya samu.

Matsalarsa ido. Fuskarsa ta fi ta sauran mitocin baƙi, lambobinsa sirara, hannuwan roba ne masu ƙyalli. Da dare ne abin ya fi fitowa: mitocin motar haskensu a dushe, ruwan ɗorawa, shi kuwa fari tas yake haskawa, kamar an saka wa dattijo haƙorin Makka guda ɗaya. Duk wanda ya shiga motar shi yake fara gani.

Wannan ya sa na kai tsohon wajen mai gyaran agogo. Ashe ba mutuwa ya yi ba. Irin waɗannan agogon sifirin ne ke tafiyar da su, bayan 'yan mintoci sai wasu ƙarafa biyu su haɗu, kwayil ya buga ya sake ɗaure sifirin, ka ji "ƙas" daga cikin dashbod. Idan batir ya yi sanyi, kwayil ba ya samun ƙarfin bugawa, ƙarafan su liƙe, wuri ya ɗau zafi. Don haka aka saka ɗan ɗigon dalma mai saurin narkewa a matsayin fis, ya narke kafin kwayil ya ƙone. Nawa shi ne ya narke. Mai gyaran ya ce kada a kuskura a liƙa shi da dalmar masu rediyo, don ba za ta narke a kan kari ba.

Ya wanke shi, ya ɗiga masa mai, ya mayar da fis ɗin. Yanzu yakan ɗan yi gudu, nakan daidaita shi da wayata ranar Juma'a. In zan ajiye motar kuma sai na cire kan batir. Sabon na ba wani abokina mai Fijo 504, can ya fi dacewa tunda nasa dashbod ɗin an riga an canza.