Wace tona za ki saya idan fuskarki na jin ƙishi a hunturu?

Fuskar da ke ƙyallin maiƙo da azahar, amma da an wanke ta sai ta ɗaure tamau, hoda kuma ta riƙa tsattsagewa a gefen hanci da ƙasan ido, ruwa ta rasa, ba mai ba. A Kano an fi ganin haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya sauka, iska ta bushe ƙayau. Matsalar ita ce idan kika shiga Sabon Gari ko wani shago a titin Zoo kika ce a ba ki tona (toner, ruwan da ake shafa wa fuska bayan an wanke ta), kaya uku ne mabambanta ake sayarwa da suna ɗaya, kuma guda ɗaya ce kawai ake iya shafawa sau biyu ko uku a jere.

Ta farko ita ce mai tsane maiƙo. Juya kwalbar ki duba jerin sinadarai, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan kika ga Alcohol Denat, Witch Hazel ko Menthol cikin biyar na farko, mayar da ita kan kanta. Sanyin da mai Alcohol take yi a fuska ƙafewa ce, kuma tana tafiya da ɗan ruwan da ya rage. Ta biyu mai asid ce, wadda ke ɗauke da Glycolic, Lactic ko Salicylic, irin ta The Ordinary mai kashi 7 cikin ɗari. Tana da amfaninta wajen cire mataccen saman fata, sau biyu a mako da dare, amma duk wadda ta maimaita ta sau uku a zama ɗaya za ta kwana da raɗaɗi, kuma baƙar fata ba ta yafe ƙuna: tabon kan ɗauki watanni bai washe ba.

Ta uku ce abin nemanki, mai riƙe ruwa. Ita ma kala-kala ce.

Mai gilisarin (Glycerin a jikin kwalba) a sahun gaba ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma a yanayin Kano ita ce za a fi dogara da ita. Gilisarin na shiga saman fata ya zauna, ya ci gaba da riƙe danshi ko da iska ta bushe. Idan an haɗa shi da Panthenol ko Beta-Glucan ya fi kyau, don suna kwantar da fatar da ta fara ƙaiƙayi. Aibinta ɗan danƙo ne, wanda a bazara kan dami mai yawan gumi.

Mai sinadarin hayaluronik, wanda a jikin kwalba ake rubuta Sodium Hyaluronate, ita ta fi tashe, ta fi tsada. Hada Labo Gokujyun ta Japan da Klairs Supple Preparation marar ƙamshi ta Koriya ta Kudu duk suna wannan layi. Tana sa fuska ta ciko nan take, sai dai tana son a shafa ta a kan jiƙaƙƙiyar fata a kuma rufe ta da mai. Idan aka bar ta haka nan a tsakiyar Janairu, ruwan da ta kama zai bi iska, bayan awa ɗaya fuska ta ƙara ɗaurewa, a ce kayan jabu ne alhali rufin ne ba a yi ba.

Akwai mai kama da madara, kamar Laneige Cream Skin, wadda ke ɗauke da ɗan mai a ciki. Ta dace da wadda fatarta ta rasa ruwa da mai gaba ɗaya, har tana furfura. Mai ƙuraje ta tsaya a shafi ɗaya. Ruwan wardi kuwa ƙamshi ne da sanyaya rai, ba ya riƙe komai sai an ɗiga masa gilisarin, kuma da yawa daga na kasuwa turare ne aka tsinka da ruwa.

Kafin ki biya, zuba ɗigo a bayan hannu. Ta gudana kamar ruwa ko ta ɗan fi shi kauri kaɗan; mai yauƙi sosai idan aka maimaita ta sai ta riƙa murmushewa ƙarƙashin hoda. Duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani mai 6M ko 12M, wato watannin da za ta yi bayan an buɗe. Kwalbar da ta sha rana a kan tebur ba abin saye ba ce. Haka kuma duk haɗin da ba shi da jerin sinadarai, ana cewa zai sa haske cikin mako guda, a guje shi, domin irinsu ne ake samun Hydroquinone da sitiroid a ciki, masu illata fata. Sabuwar tona a fara gwada ta a bayan kunne, a ba ta kwana biyu.

Wajen shafawa, a bar auduga, shanye kaya kawai take yi. Bayan wanke fuska da sabulu marar ƙarfi (sabulun salo kullum yana ƙara bushewa a wannan lokaci), kada ki goge ta ƙarƙaf. Ɗiga huɗu ko biyar a tafin hannu, danna a fuska, jira kamar daƙiƙa 30 har ta daina sheƙi, ki sake. A Koriya ana kai wa sau bakwai, amma a hunturu uku sun isa, da damina ɗaya. Nan take a bi da man shafawa, da dare kuma a ɗora ɗan man kaɗe ko Vaseline a wuraren da suka fi kaushi. Da yake alwala na wanke abin da aka shafa sau da yawa a yini, shafin ukun a bar shi ga safiya da bayan Isha'i, sauran lokuta shafi ɗaya da ɗan mai ya wadatar.