SEER ko SEER-Medicare: Wanne Ya Dace da Mai Binciken Maganin Cutar Daji?

Sababbin masu nazarin bayanan cutar daji a jami'a suna yawan tambayar wanne za su ɗauka. Duka biyun rumbunan bayanai ne na Amurka.

SEER, rajistar masu cutar daji da aka fara a 1973, kyauta ne. Yana nuna matakin ciwon da tsawon rayuwar majinyaci, amma babu sunan maganin da aka ba shi, balle labarin dawowar ciwon.

SEER-Medicare kuwa, wanda ya haɗa bayanan SEER da na Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, sai an biya kuɗi, an jira izini. Takardun inshorarsa suna bayyana magani da ranar bayarwa, sai dai yawancin mutanen 'yan shekara 65 ne zuwa sama, kuma tace bayanan jan aiki ne.

Ɗalibi mai auna tsawon rayuwa, SEER ya ishe shi. Mai kuɗin bincike da ke kwatanta magunguna ga tsofaffi, na biyun ya fi masa.