Sukarin da ake barbaɗawa da sukarin da ake sha: amsa ga mai bin tsarin cin sitaci

Wata 'yar'uwa mai bin tsarin cin sitaci ta ce ta mayar da abincinta kan gero, dawa, wake, dankali da ganye, ta rage mai da nama, sai dai ta kasa shan koko babu sukari. Tana so ta san ko wannan cokalin sukarin ya rushe mata tsarin, tunda wasu sun ce mata sitaci ma ai sukari yake komawa a ciki, wasu kuma sun ce sukari guba ne ko ƙwaya ɗaya. Malama, maganganun nan biyu kowace ta ɗauko wani yanki na gaskiya ta bar saura, don haka zan ajiye miki su gefe da gefe.

Sitaci dogon jeri ne na gulukos (nau'in sukarin da ke yawo a jini) da ke haɗe da juna, kuma sai jiki ya warware shi kafin ya shiga jini. Idan hatsin bai rabu da dusarsa ba, ko kuma aka haɗa shi da wake da ganye, warwarewar takan ɗauki lokaci, ciki ya cika, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Farin sukari kuwa rabinsa gulukos ne, rabi furuktos, wanda hanta ce ke ɗaukar mafi yawan aikinsa, kuma ba ya zuwa da dusa ko sinadarin gina jiki ko wani bitamin. Giram ɗaya na sitaci ko na sukari yana ba da kusan kalori 4 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), amma kwanon dambu da wake yana ƙosar da mutum, ita kuwa kwalbar lemo takan wuce ta bar cikin yana neman abinci.

Masu sassauci kan sukari suna kafa hujja da likitoci biyu na Amurka. Na farko shi ne Walter Kempner, wanda ya fara jinyar masu hawan jini da ciwon ƙoda a Jami'ar Duke a 1939 da farar shinkafa, 'ya'yan itatuwa, ruwansu da kuma sukari, kusan babu gishiri babu mai. Marasa lafiya da dama sun samu sauƙi. Abin da ake yawan mantawa shi ne wannan magani ne mai tsauri da ake yi ƙarƙashin kulawar likita, a zamanin da magungunan hawan jini na yau ba su fito ba, kuma sukarin ya shiga ne don cike kalori ba tare da ƙara gishiri ko nauyi ga ƙoda ba. Na biyu shi ne John McDougall, wanda ya rasu a 2024 bayan shekaru masu yawa yana kira ga cin sitaci. Shi ya yarda a barbaɗa ɗan sukari a saman abinci, inda harshe zai fara cin karo da shi, domin a ganinsa gara mutum ya ci kwanon hatsi da ɗan zaƙi da ya gaji da tsarin ya koma wa soye-soye. A nan ina tare da shi, domin na sha ganin mutane sun ɗauki tsari da zafi sun ajiye shi kafin wata ya cika saboda abincin ba ya yi musu daɗi.

A ɗaya gefen akwai Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin ƙari ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, kuma ta ce ragewa zuwa ƙasa da kashi 5 zai ƙara amfani. Ga babban da ke cin kalori 2,000, kashi 10 ɗin giram 50 ke nan, wato kusan ƙaramin cokalin shayi 12, kashi 5 kuma giram 25, kusan cokali 6. Dalilanta biyu ne: ƙiba da ruɓewar haƙora. A lissafinta zuma tana ciki, haka ma ruwan 'ya'yan itace da aka matse, don haka wanda ya bar farin sukari ya koma zuba zuma ko mazarƙwaila ba tare da awo ba bai fita daga lissafin ba. Dabino, mangwaro ko gwaiba da aka ci da naman jikinsu ba sa cikin wannan ƙidaya.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda magoya bayansu ke nunawa. Ƙaramin cokali ɗaya a kan koko kusan giram 4 ne, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na iyaka mafi tsauri ba. Yawancin lemon kwalba mai sukari kuwa yana ɗauke da kusan giram 10 a kowace mililita 100, ke nan babbar roba ta rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya a zama ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da Najeriya ta sanya harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021. Kuma matsalar ba ta tsaya kan kayan kamfani ba, domin zoɓo, kunun aya da lemon citta da ake sayarwa a ƙulle ana narkar da sukarinsu ne a cikin tukunya, mai saye ba shi da hanyar sanin adadin da ya sha. Shayin safe ma haka yake idan aka haɗa sukari da madara mai zaƙi da garin cakulan na gwangwani a kofi ɗaya.

Akwai waɗanda wannan sassaucin bai shafe su ba. Mai ciwon suga ya sani cewa koko da aka tace aka zubar da dusarsa yana ɗaga sukarin jini da sauri ko ba a sa masa komai ba, don haka awon jini bayan cin abinci da shawarar likitansa su ne za su yanke masa hukunci. Wanda aka ce kitsen jininsa ya hau, ko hantarsa ta tara kitse, shi ma ragewa sosai ya fi masa. Yaran da ba su kai shekara biyu ba kuwa bai kamata a saba musu da shi ba sam.

Idan ba ki cikin waɗannan, Malama, ki ci gaba da shan kokonki da ƙaramin cokali ɗaya da kika auna da hannunki, a shafe ba a tsiri ba, ki zuba shi a kofinki maimakon a tukunya. Ki rage tace gasarar don dusar ta zauna, ki haɗa da wake ko alale maimakon burodi. Bayan mako biyu ko uku ki gwada rabin cokali, domin harshe yakan saba da ƙarancin zaƙi a hankali, kuma tsamiya ko citta da kanumfari suna cike gurbin da ya bari.